Rubutun Na'ura a Kundayen Ilmi na Intanet: Yaushe Ɗan Kasuwa Zai Dogara da Shi?

LEGAS. A watan Yuni na shekarar 2025, Gidauniyar Wikimedia, wadda ke kula da kundin ilmin nan na Wikipedia, ta ba da sanarwar wani gwaji na mako biyu, inda za a riƙa ɗora taƙaitaccen bayanin da na'ura ta tsara a saman waɗansu kasidu domin masu karatu ta wayar hannu. Ba a je ko'ina ba masu aikin sa-kai da ke rubuta kundin suka yi ca, suna cewa matakin zai zubar da amincin da aka shafe fiye da shekara 20 ana ginawa, abin da ya sa gidauniyar ta dakatar da shirin. Bayan wata biyu, a cikin Agusta, sashen Turanci na kundin ya kafa dokar da ta ba da izinin share kasida nan take muddin ta ɗauko alamun cewa na'ura ce ta rubuta ta ba tare da wani ya duba ba. A ranar 27 ga Oktoba na wannan shekara kuma, kamfanin xAI na attajirin nan Elon Musk ya buɗe nasa kundin mai suna Grokipedia da kasidu sama da 800,000, waɗanda na'ura ce ta tsara su.

Waɗannan al'amura uku sun shafi aljihun ɗan kasuwa fiye da yadda ake zato. Mai shigo da kaya da ke neman bayanin wata ƙasa, da mai ƙaramar masana'anta da ke shirya takardar neman rance, da magatakardan da aka sa ya haɗa rahoto, duk kan fara ne da tambayar intanet. Amsar da ke fitowa kuwa, sau da yawa daga waɗannan kundaye take, ko kai tsaye, ko ta bakin wata manhaja da ta koyi karatu daga gare su. Saboda haka sanin wanda ya rubuta bayanin, da wanda ya duba shi, ya shiga cikin lissafin riba da asara.

Iri uku na rubutun na'ura

Abin da ake kira rubutun na'ura ya kasu gida uku, kuma kowane kashi yana da irin nasa haɗarin.

Kashi na farko shi ne manhajar da ke cike gurbi. Akan shirya mata jimloli masu giɓi, a haɗa ta da rumbun alkaluma, sai ta riƙa ɗauko suna da lamba tana zubawa. A shekarar 2002 wata manhaja mai suna Rambot ta yi amfani da alkaluman ƙidayar jama'ar Amurka ta samar da kasidu wajen 30,000 a kan garuruwan ƙasar. Wadda ta fi shahara ita ce Lsjbot, ta wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Sverker Johansson, wadda ta fara aiki a shekarar 2012, kuma takan iya fitar da kasidu 10,000 a yini guda a kan tsirrai da ƙwari da duwatsu da rafuka. Albarkacin wannan manhaja ne sashen harshen Sebuwano na ƙasar Filifin ya tara kasidu fiye da miliyan 6, ya zama na biyu a yawa bayan Turanci, wanda ya haura miliyan 7 a shekarar 2025 da gumin dubban mutane. Irin wannan manhaja ba ta ƙirƙiro ƙarya da kanta, amma duk kuskuren da ke cikin rumbun da ta ɗebo daga gare shi, sai ta maimaita shi sau dubu. Masu kula da sashen Suwidanci sun ga haka, inda daga baya suka shiga share ɗimbin kasidun wurare da manhajar ta rubuta, har yawan kasidunsu ya sauko daga sama da miliyan 3 da rabi zuwa ƙasa da miliyan 3.

Kashi na biyu shi ne fassarar na'ura. Wikipedia ta fito da kayan aikin fassara kasida daga wani harshe zuwa wani a shekarar 2015, bisa sharaɗin cewa mai fassarar zai gyara abin da na'urar ta ba shi. Tun a shekarar 2016 sashen Turanci ya taƙaita amfani da fassarar na'ura saboda yawan gurɓatattun kasidun da suka kwararo. Ƙananan sassa kuwa, waɗanda ba su da isassun masu sa ido, su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu.

Kashi na uku shi ne na manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, wadda ta fito a ƙarshen watan Nuwamba na shekarar 2022. Yadda suke aiki shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, bisa ga ɗimbin rubutun da aka horar da su da shi. Wannan ne ya sa rubutunsu ke fitowa sumul, kuma wannan ne ya sa idan ba su da amsa sukan ƙago wadda ta yi kama da gaskiya, har da sunan littafi da marubuci da lambar shafin da babu su a duniya. Kuskuren kashi na biyu mai jin harshen kan gane shi tun a layin farko, domin jimlar kan fito a karye. Na kashi na uku kuwa yakan zo cikin shiga ta kamala, ta yadda sai wanda ya san fannin ne zai iya kama shi.

Abin da ya riga ya faru

A watan Nuwamba na shekarar 2022 kamfanin Meta ya buɗe wata manhaja mai suna Galactica da aka ce za ta riƙa rubuta kasidun kimiyya irin na kundin ilmi. Kwana uku kacal ta yi a fili aka janye ta, bayan masana sun nuna yadda take jingina binciken ƙarya ga masana na gaske. A sashen Turanci na Wikipedia, inda masu sa-kai suka kafa rukuni na musamman a ƙarshen shekarar 2023 domin tsince rubutun na'ura, an gano wata doguwar kasida a kan wata ganuwa ta tsohuwar daular Turkiyya, da tarihinta da yaƙe-yaƙenta da littattafan da aka ce an ɗauko bayanin daga cikinsu, alhali ba a taɓa gina ganuwar ba. Kasidar ta shafe watanni kafin a ankara. Wani bincike da masana a Jami'ar Princeton suka fitar a shekarar 2024 ya nuna cewa sama da kashi 4 cikin 100 na sababbin kasidun Turanci da aka buɗe a watan Agusta na wannan shekara suna ɗauke da alamun rubutun na'ura mai yawa.

Misalin da ya fi kusa da harkar kuɗi ya fito ne daga kafar labarai ta CNET a Amurka. A watan Janairu na shekarar 2023 aka gano cewa kafar ta buga kasidu 77 na bayanin harkokin kuɗi da na'ura ta rubuta, kuma daga baya ta yi gyara a guda 41 daga cikinsu. Ɗaya daga cikin kasidun ta bayyana cewa wanda ya ajiye dala 10,000 a asusun da ke ba da ruwa na kashi 3 cikin 100 zai ci ribar dala 10,300 a ƙarshen shekarar farko. Ribar gaskiya dala 300 ce, sauran uwar kuɗinsa ce. Yaron shago ba zai yi wannan kuskure ba, amma kasidar ta wuce ta hannun editoci ta fita, domin jimlolinta sun tsaru.

Ƙwararru ma ba su tsira ba. A shekarar 2023 wata kotun tarayya a birnin New York ta ci waɗansu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda gabatar da hukunce-hukuncen shari'a na bogi da ChatGPT ta ƙago musu. A watan Oktoba na shekarar 2025 kuma, reshen kamfanin Deloitte na ƙasar Ostareliya ya amince ya mayar wa gwamnatin ƙasar wani ɓangare na kuɗin wani rahoto da aka yi kwangilarsa a kan dalar Ostareliya 440,000, bayan an samu sunayen littattafan da babu su da kuma wata magana da aka jingina wa kotu ba bisa gaskiya ba. A duk waɗannan shari'o'i da rigingimu, wanda ya sa hannu a takarda shi ya biya, babu wanda ya tuhumi na'ura.

Ƙananan harsuna sun fi shiga haɗari

Amincin Wikipedia ya dogara ne a kan yawan idanun da ke kallon kowane shafi. A shekarar 2005 mujallar kimiyya ta Nature ta sa masana suka gwada kasidu 42 na kimiyya a Wikipedia da takwarorinsu na kundin Britannica, inda aka samu kurakurai 162 a na farko da 123 a na biyu. Britannica ta yi watsi da sakamakon, amma mutane da yawa sun ɗauke shi shaida cewa taron jama'a na iya gyara wa juna. Sai dai wannan gwaji a sashen Turanci aka yi shi, inda masu gyara suke da yawa. Inda masu gyara suka yi ƙaranci, tsarin ba ya aiki yadda ya kamata.

A shekarar 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke da ba ya jin harshen Sikots na ƙasar Sikotlan ya rubuta kasidu sama da 20,000 a sashen wannan harshe, ta hanyar musanya kalmomin Turanci ɗaya bayan ɗaya, kuma ya shafe shekaru yana yi ba tare da an tsawata masa ba. Sashen harshen Girinlan, wanda masu magana da shi ba su kai 60,000 ba, ya cika da fassarar na'ura daga mutanen da ba su san harshen ba, har wata kasida ta ce mutum 41 ne ke zaune a ƙasar Kanada. A shekarar 2025 aka yanke shawarar rufe sashen baki ɗaya.

Matsalar ta iso gida. A watan Satumba na shekarar 2025 mujallar MIT Technology Review ta ruwaito cewa masu aikin sa-kai a sassan harsunan Afirka huɗu sun ƙiyasta cewa tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na kasidun sassansu fassarar na'ura ce da ba a gyara ba. Rahoton ya kawo misalai daga Fulatanci, inda manhajojin fassara suka rikita sunayen watanni, suka kuma fassara kalmar girbi da zazzaɓi. Ga manomin da ke neman lokacin shuka ko adadin maganin feshi, irin wannan kuskure na iya cin amfanin damina guda. Hausa ta fi waɗannan harsuna yawan rubutu, kuma tana cikin manhajar fassara ta Google tun shekarar 2013, amma duk mai karatu a sashen Hausa ya saba cin karo da kasidun da kalmominsu na Hausa ne, ginin jimlarsu kuwa na Turanci, a gefen waɗanda masu sa-kai suka zauna suka rubuta da kyau.

Daɗin daɗawa, kamfanonin da ke ƙera manhajojin fassara da na hira suna ɗibar rubutun horar da su daga intanet, kuma ga harsunan da ba su da yawan rubutu, Wikipedia na daga cikin manyan rijiyoyin da ake ɗiba. Ke nan na'ura ta yi gurguwar fassara, an zuba ta a kundi, wata na'urar ta zo ta koya daga gare ta, sa'an nan ta sake haifar da irinta. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a watan Yuli na shekarar 2024 ya nuna cewa idan aka ci gaba da horar da manhaja da abin da manhaja ta rubuta, ingancinta kan riƙa raguwa daga zubi zuwa zubi har ta lalace.

Yadda masana tattalin arziki ke kallon lamarin

A da, rubuta kasida mai kyau na cin kwanaki, kuma wahalar da ke ciki ita kanta wata shaida ce, domin ba kasafai mutum kan ɓata mako guda yana rubutu a kan abin da bai sani ba. Yanzu kuɗin samar da rubutu ya faɗi ƙasa warwas, amma kuɗin tantance shi yana nan inda yake, domin har gobe sai mutum ya buɗe littafi ya duba. Idan ana iya rubuta kasida a cikin minti ɗaya, duba ta kuwa na bukatar awa biyu, to mai zubawa ɗaya zai iya gajiyar da masu dubawa fiye da ɗari.

Masanin tattalin arziki George Akerlof, wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a shekarar 2001, ya bayyana irin wannan yanayi tun a shekarar 1970 da misalin kasuwar tsofaffin motoci. Mai sayarwa ya san lafiyar motarsa, mai saye bai sani ba. Tun da mai saye ba zai iya bambance mai lafiya da mai ciwo ba, sai ya ƙi biyan farashin mai lafiya. Masu motoci na ƙwarai sai su janye daga kasuwa, a bar marasa kyau. Duk wanda ya taɓa neman mota 'yar Kwatano ya san dalilin da ya sa ake tafiya da bakanike. Haka abin yake a kasuwar bayani: idan mai karatu ya kasa bambance kasidar da aka tantance da wadda aka zubo, sai darajar duka biyun ta faɗi, mai yin aikin ƙwarai kuma gwiwarsa ta yi sanyi.

Akwai alamun cewa matsin ya fara bayyana. A watan Afrilu na shekarar 2025 Gidauniyar Wikimedia ta ce nauyin sauke hotuna da makamantansu daga rumbunta ya ƙaru da kashi 50 cikin 100 tun daga Janairun 2024, galibi saboda manhajojin da ke kwasar bayanai domin horar da na'urori. A watan Oktoba na wannan shekara kuma ta ce ziyarar da mutane na gaske ke kai wa shafukanta ta ragu da kimanin kashi 8 cikin 100 idan aka kwatanta da watannin shekarar da ta gabata, saboda mutane na samun amsa daga manhajojin bincike da na hira ba tare da sun leƙa tushen ba. Kundin kuwa da gudummawar masu karatu yake rayuwa, kuma daga cikin masu karatu ake samun sababbin masu gyara. Idan masu zuwa suka ragu, masu sa ido ma za su ragu.

Kayan karatu na kyauta

Batun ya shafi buɗaɗɗun kayan karatu, wato littattafai da darussan da aka ba kowa izinin kwafa da gyarawa da rarrabawa ba tare da biya ba. Cibiyar fasaha ta MIT a Amurka ta ba da sanarwar sakin darussanta kyauta a shekarar 2001, hukumar UNESCO ta raɗa wa tsarin suna a wani taro a shekarar 2002, sa'an nan ƙasashe mambobinta suka amince da shawarwari a kansa a shekarar 2019. Jami'ar Rice ta jihar Texas ta fara buga littattafan OpenStax a shekarar 2012, ciki har da na tattalin arziki da lissafin kuɗi, waɗanda malamai ke rubutawa waɗansu malaman kuma su duba. A Nijeriya, Jami'ar Karatu daga Gida ta Ƙasa ta sanya littattafan darussanta a intanet domin kowa ya amfana. A watan Nuwamba na shekarar 2024 UNESCO ta kira babban taro a Dubai inda aka tattauna yadda ƙirƙirarriyar basira za ta shafi waɗannan kaya.

Izinin kwafa da gyarawa shi ne amfanin tsarin, kuma ta nan ne ɓaraka ke shigowa. Wani na iya ɗaukar littafin da masana suka duba, ya sa na'ura ta taƙaita shi ko ta fassara shi, ya bar sunan jami'ar a bango, ya saki. Mai karɓa zai ga suna mai daraja ya saki jiki, alhali abin da ke ciki ya riga ya canja hannu. Kamfanin da ke horar da ma'aikatansa da irin waɗannan takardu, ko makaranta mai zaman kanta da ke rage kuɗin littattafai da su, ya kamata su sauko da kayan daga shafin cibiyar da ta wallafa su, su kuma duba shekarar bugu da sunayen waɗanda suka tantance.

Alkaluman Nijeriya na saurin tsufa

Ko da na'ura ba ta ƙago komai ba, tana iya kawo gaskiyar jiya a matsayin ta yau, kuma tattalin arzikin Nijeriya ya sha sauye-sauyen da ke sa tsohuwar lamba ta zama tarko. Harajin sayen kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin 100 a watan Fabrairu na shekarar 2020. Wanda ya yi lissafin kayan naira miliyan 10 da tsohon adadi, ya yi giɓin naira 250,000. Kafin sauyin tsarin musayar kuɗi na watan Yuni na shekarar 2023, dala ɗaya na wajen naira 460 a farashin hukuma, amma ya zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Kayan dala 20,000 da a tsohon farashi za su ci naira miliyan 9.2, a farashin naira 1,500 sai sun ci naira miliyan 30. Mafi ƙarancin albashi ma ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a shekarar 2024.

Wani nau'in tarkon ya fi wannan ɓoyuwa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana hauhawar farashi da kashi 34.80 cikin 100 a watan Disamba na shekarar 2024, sa'an nan kashi 24.48 a watan Janairu na 2025. Wanda ya jera lambobin biyu kawai zai ɗauka kaya sun yi sauƙi a cikin wata guda, alhali hukumar ce ta sabunta ma'aunin da take awo da shi. Haka ya faru a shekarar 2014, sa'ad da sabunta shekarar tushe ya ɗaga ƙiyasin arzikin da ƙasa ke samarwa zuwa kimanin dala biliyan 510, Nijeriya ta sha gaban Afirka ta Kudu a kan takarda cikin dare ɗaya. An sake irin wannan sabuntawa a shekarar 2025. Manhajar da ke cike gurbi ba ta san an canja mudu ba, manhajar hira kuma na iya haɗa awon tsohon mudu da na sabo a jimla ɗaya. Yawan jama'ar garuruwa ma haka ne: ƙidaya ta ƙarshe a shekarar 2006 aka yi ta, don haka duk wani adadi na baya-bayan nan hasashe ne, kuma ya kamata mai neman girman kasuwa ya san wanda ya yi hasashen.

Matakan kariya

Ba a cinikin biri a sama, kuma 'yan kasuwar hatsi ba sa biyan kuɗin buhu sai sun ga abin da ke cikinsa. Wannan ɗabi'a ce ake bukata a nan, kuma ba ta cin lokaci mai yawa.

Da farko, a auna binciken da girman abin da za a yi asara. Neman sanin babban birnin wata ƙasa ko ma'anar wata kalma ba ya bukatar dogon bincike. Adadin da zai shiga kwangila, ko takardar banki, ko lissafin kuɗin fito, dole ne a samo shi daga tushe: Babban Bankin Nijeriya game da musayar kuɗi da kuɗin ruwa, Hukumar Ƙididdiga game da farashi da yawan jama'a, Hukumar Kwastan game da kuɗin fito, Hukumar Rajistar Kamfanoni game da sahihancin abokin hulɗa.

Na biyu, a duba tarihin shafin. Kowace kasida a Wikipedia tana da wurin da ke nuna wanda ya buɗe ta, da ranar, da duk gyaran da aka yi mata. Doguwar kasidar da mutum ɗaya ya zubo a lokaci guda, ba wanda ya sake taɓa ta, ba daidai take da wadda mutane da dama suka yi shekaru suna gogewa ba. Sunan da ya ƙare da "bot" alama ce ta manhaja. Wannan tarihi a buɗe yake ga kowa, kuma yana daga cikin abin da ya bambanta Wikipedia da amsar manhajar hira, wadda ba ta nuna hannun da bayani ya bi kafin ya iso.

Na uku, a buɗe aƙalla ɗaya daga cikin madogaran da aka lissafa a ƙasan kasidar, a tabbatar yana nan, kuma ya faɗi abin da aka ce ya faɗa. Madogaran bogi su ne babbar shaidar rubutun na'ura, shi ya sa dokar share kasida ta watan Agusta na shekarar 2025 ta ambace su, tare da ragowar maganar da manhaja ke yi wa mai tambayarta wadda aka manta ba a goge ba.

Na huɗu, kowace lamba a nemi shekararta da ma'auninta. Adadin da bai zo da kwanan wata ba, a ɗauke shi tamkar cekin da ba a sa wa hannu ba. Idan kasidar fassara ce, a gwada lambobinta da na harshen da aka fassaro ta daga gare shi, domin a wajen miliyan da biliyan da sunayen watanni ne fassarar na'ura ta fi yin tuntuɓe.

Na biyar, kamfani ya kafa ƙa'ida a rubuce ga ma'aikatansa da masu ba shi shawara: duk wanda ya yi amfani da na'ura wajen haɗa rahoto ya bayyana haka, kuma a san sunan mutumin da ya duba kowane adadi ya ɗauki alhakinsa. Ana iya sanya wannan sharaɗi a cikin kwangilar masu binciken kasuwa da masu fassara, tare da tanadin mayar da kuɗi idan an samu madogaran ƙarya.

Duk da waɗannan matsaloli, na'ura na da gurbinta. Wikipedia kanta ta daɗe tana amfani da manhajoji wajen kama masu ɓarna da gyara mahaɗan da suka mutu, kuma fassarar na'ura a hannun wanda ya ƙware a harsunan biyu na rage masa rabin aiki. Kazalika an samu sabuwar kafar sana'a, domin bukatar masu tantance rubutu da gyara fassara a Hausa da Fulatanci da Yarabanci da Ibo na ƙaruwa a wajen kamfanonin fasaha da masu wallafa littattafai da bankuna. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da jami'o'i na iya tallafa wa masu sa-kai da ke rubuta kasidun Hausa a kan haraji da banki da noma da sufuri, tun da membobinsu da ɗalibansu ne za su karanta su, kuma daga cikinsu ne manhajojin gobe za su koyi Hausa.

Abin da ya rage ga ɗan kasuwa shi ne ya riƙa yi wa kowane bayani tambayoyin da ya saba yi wa sabon dillali: daga ina kayan suka fito, wa ya duba su, kuma wa zai biya idan aka samu algus. Kundin ilmi na intanet wuri ne mai kyau na fara bincike, amma adadin da za a zuba jari a kansa, a hukumar da ta fitar da shi ake tabbatar da shi kafin a sa hannu.